Dangin Daji, Rumbun Tsimin Gona: Labarin Karant da Guzberi

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa kan noma da muhalli.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu leƙa ƙasashen sanyi, mu duba wasu 'ya'yan itatuwa biyu da ba sa fitowa a ƙasarmu. Ɗaya sunansa karant. Ɗayan kuma guzberi. Akwai na lambu, waɗanda ake nomawa a sayar. Akwai kuma danginsu na daji, waɗanda babu wanda ya shuka su. A kan na dajin za mu tsaya, domin wasunsu suna dab da ƙarewa. Akwai irin da bai fi tushe 100 ya rage a duk faɗin duniya ba.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da itacen da ba mu taɓa gani ba? Ka ba ni aron kunnenka. Labarin nasu yana ɗauke da darasi guda, darasin kuma ya shafi duk mai cin abin da ƙasa ta fitar. Ga shi: idan cuta ta faɗa wa amfanin gona, sau da yawa a wurin danginsa na daji ake samo mafita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shirin namu kashi biyar ne. Za mu fara da sanin su wane ne karant da guzberi. Sai yaƙin da aka taɓa yi da su a Amurka. Sai inda magani ya fito. Sai waɗanda suka kusa ƙarewa. Daga ƙarshe, yadda ake ceto su, da abin da ya rataya a wuyanmu mu nan gida.

(GAJEREN KIƊA)

Ga kashi na farko. Su wane ne karant da guzberi?

'Yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran gidan nasu Ribes. A cikinsa akwai iri sama da 150. Ƙananan itatuwa ne masu cunkoson rassa, yawancinsu ba su wuce tsayin mutum ba. Karant galibi ba shi da ƙaya. 'Ya'yansa ƙanana ne, suna yin nono irin na inabi. Akwai baƙi, akwai ja, akwai fari. Guzberi kuwa mai ƙaya ne. 'Ya'yansa sun fi girma, suna fitowa ɗai-ɗai ko bi-biyu a jikin reshe. Dukansu akwai tsami-tsami.

Itatuwan sanyi ne. Sai sun sha sanyi mai tsanani na watanni kafin su yi toho, su yi fure. Hunturunmu bai kai musu ba. Shi ya sa ba za ka gan su a lambun Kano ko na Maraɗi ba. Gidansu Turai ne, da arewacin Asiya, da Amurka ta Arewa, da tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu. A Afirka, sai ka hau tsaunukan Atlas, irin na Maroko, kafin ka tarar da su.

Amma da yawanmu mun ɗanɗana baƙin karant ba tare da mun sani ba. Lemon nan na Ribena da ake sayarwa a kantuna, da shi ake yin sa. A Ingila aka fara sayar da shi, a shekarar 1938. Baƙin karant yana da bitamin C mai yawa, wanda ya ninka na lemon zaƙi sau uku. Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen ruwan da ke kawo wa Birtaniya lemo sun daina isowa yadda aka saba. Sai gwamnati ta ƙarfafa wa jama'a noman baƙin karant. Daga 1942 aka riƙa raba ruwansa kyauta ga ƙananan yara. A yau, Rasha da Folan da Yukren ne kan gaba wajen noma shi.

Ke nan, abinci ne, kuma sana'a ce ta dubban manoma.

(GAJEREN KIƊA)

Kashi na biyu. Yaƙin da aka yi da su a Amurka.

A Amurka akwai wata doguwar bishiya da ake kira farin fayin. Katakonta ya gina gidaje da jiragen ruwa, ya kawo dukiya mai yawa. Da aka sare dazuzzukanta, sai aka so a sake dasawa. Dashen gida bai wadatar ba. Sai aka riƙa sayo dashe mai araha daga gandun renon bishiyoyi na Turai. Wannan a wajajen shekarar 1900 ke nan.

Ashe dashen yana ɗauke da cuta. Cutar tsatsa ce, irin ta funfuna. Tana shiga ta ganye, ta gangara reshe, ta zagaye gangar bishiya, ta kashe ta.

Ku saurari yadda wannan cuta take rayuwa, domin nan ne gizo ke saƙa. Ba ta iya tashi daga fayin ta faɗa wa wani fayin kai tsaye. Sai ta ya da zango. Ƙurar cutar tana tashi daga fayin, iska ta kai ta kan ganyen karant ko guzberi. A nan take hayayyafa. Daga nan sai sabuwar ƙura ta tashi ta koma kan fayin. Daga fayin zuwa karant, daga karant zuwa fayin. Haka take zagayawa.

Sai hukumomi suka ce, to a rushe zangon. Daga wajajen 1911 aka fara kafa dokokin hana shuka baƙin karant da safararsa. Ba a tsaya kan na lambu ba. Aka shiga daji. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnati ta ɗebi dubban matasa marasa aiki. Cikin ayyukan da aka ba su har da tumɓuke karant da guzberi na daji. Sukan jeru sahu-sahu, su ratsa kurmi, duk tushen da suka gani su cire shi. Daga baya har da feshin maganin kashe ciyawa. Miliyoyin tushe aka hallaka.

An yi nasara? A wasu yankunan gabas aikin ya ɗan taimaka. A tsaunukan yamma kuwa cutar ta ci gaba da yaɗuwa. 'Ya'yan itacen suna kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, da an ba da baya sai su tsiro. Daga baya ma masana suka gano cewa akwai wasu ciyayin daji da cutar ke ya da zango a kansu. A 1966 gwamnatin tarayya ta janye nata haramcin, ta bar wa jihohi. Jihar New York sai a 2003 ta sassauta. Har yau akwai jihohin da ke da takunkumi, irin su Maine.

Gaskiya ne karant yana ɗaukar cutar. Amma ba shi ya kawo ta ba. Mutum ne ya loda ta a jirgi ya tsallako teku da ita. An bar jaki, an yi shekara sama da 50 ana dukan taiki.

(GAJEREN KIƊA)

Kashi na uku. Ina magani ya fito?

Kafin in ba ku amsa, bari in fayyace abu guda. Kowane mai rai yana da abin da masana ke kira ƙwayoyin gado. Su ne ke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. Su ne ke sa wani iri ya jure fari, wani ya jure cuta, wani ya yi zaƙi.

Manomi yakan zaɓi iri mai manyan 'ya'ya da daɗin baki. Shekara ta bi shekara, sai gonaki su cika da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya kayar da ɗaya, zai kayar da duka. Na daji kuwa ba mai yi masa feshi, ba mai yi masa ban ruwa. Dubban shekaru yana fama da cuta da ƙwari da sanyi shi kaɗai. Wanda ya kasa ya mutu. Wanda ya rayu ya bar wa 'ya'yansa juriya.

Kun san rumbun tsimi. Magidanci ba ya taɓa shi a shekarar wadata. Wani ma sai ya ga kamar ɓata wuri ne. Ranar da damina ta gaza, ranar ake sanin amfaninsa. To, dangin daji su ne rumbun tsimin gona.

Ga shaida. A gabashin Rasha, wajen kogin Usuri, kusa da iyakar Sin, akwai wani baƙin karant na daji. Cutar tsatsa ba ta kama shi. Masana a gonar gwaji ta Otawa, babban birnin Kanada, suka yi masa barbara da na lambu. Barbara, wato ɗaukar garin furen wannan a sa wa furen wancan, a shuka 'ya'yan da suka fito. Daga nan aka sami irin da ake kira Consort, wanda aka fitar a 1952. Yana ba da 'ya'ya, kuma a lokacin ba ya ɗaukar tsatsa. Irin waɗannan ne suka taimaka aka sassauta dokoki. Ku lura da kyau. Dangin da aka yi ta tumɓukewa, daga cikinsu maganin ya fito.

Ga shaida ta biyu. A farkon ƙarni na 20, wata cutar ta tsallaka teku, wannan karon daga Amurka zuwa Turai. Farar funfuna ce mai lulluɓe ganye da 'ya'ya. Ta isa Ailan da Ingila, ta yi wa lambunan guzberi mummunar ɓarna. Daga ina aka samo juriya? Daga guzberin daji na Amurka, waɗanda suka daɗe da sanin cutar.

Kada ku ɗauka an gama. Cuta ma tana sauya salo. A 2011 masana suka ba da rahoton cewa a jihar Connecticut an ga sabon nau'in tsatsa yana kama karant ɗin da a da ba ya kamuwa. Ga kuma ɗumamar yanayi. A Birtaniya sanyin hunturu yana raguwa, baƙin karant ba ya samun sanyin da yake buƙata, tohonsa ba ya fitowa tare. Masana a cibiyar James Hutton ta Sikotland suna aikin samar da irin da zai wadatu da ɗan sanyi. Duk lokacin da sabuwar matsala ta taso, sai an koma rumbu. Idan rumbun babu komai fa?

(GAJEREN KIƊA)

Kashi na huɗu. Waɗanda suka kusa ƙarewa. Zan kawo muku guda uku.

Na farko yana tsibirin Sardiniya, a ƙasar Italiya. Karant ne na daji. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin tsirrai mai suna Ugolino Martelli ya bayyana shi ga duniya. Wuri ɗaya tak yake fitowa, a kan dutsen Korrasi, kusa da garin Oliyena, sama da mita 1,000 daga doron teku. Tushensa bai fi kimanin 100 ba. 'Ya'yan da yake yi kaɗan ne, masu tsirowa cikinsu sun fi kaɗan. Ɗan abin da ya tsiro kuma awaki su cinye. Gobara ɗaya ta isa ta share shi daga duniya. Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a sahun waɗanda ke bakin halaka. A 2005 ta lissafa shi cikin tsirrai 50 na tsibiran Bahar Rum da suka fi buƙatar ceto.

Na biyu yana Amurka. Guzberin Mikosuki ake ce masa. A 1924 aka gano shi a bakin tafkin Mikosuki, a arewacin jihar Fulorida. Bayan shekara sama da 30 aka sake ganin sa a jihar Karolina ta Kudu, ɗaruruwan kilomita daga can. Ban da waɗannan yankuna biyu, babu inda yake. Har 'ya'yansa ƙaya gare su. Kuma ya saɓa wa maƙwabtansa: da zafi yake zubar da ganye, da sanyi ya fito da sabo. A 1985 gwamnatin Amurka ta sa shi ƙarƙashin kariyar doka.

Matsalarsa uku ce. Bareyi suna cin tohonsa. Baƙin tsirrai da aka shigo da su daga Asiya don ado sun tsere daga gidaje sun shiga daji, suna danne shi. Sannan bai cika tsirowa daga ƙwaya ba. Reshensa ne ke sunkuyawa ya taɓa ƙasa, ya yi saiwa, ya zama sabon tushe. Sai ka ga fili cike, ka ɗauka suna da yawa, alhali da yawansu jiki ɗaya ne ya bazu. Yawan tushe daban, yawan ƙwayoyin gado daban.

Na uku, guzberin Parish. A bakin rafuka yake fitowa, a kudancin Kalifoniya, yankin Los Angeles. Birni ya faɗaɗa. Aka karkatar da ruwa, aka gine bakin rafi, fadamu suka bushe. Rabon da a gan shi tun farkon shekarun 1980. Masana suna lissafa shi cikin waɗanda ake zaton sun ƙare. Wace cuta yake jurewa? Wane fari yake iya ɗauka? Ba wanda zai ƙara gwadawa.

Ku duba abin da ya haɗa su. Wuri kaɗan. Kiwo ba tsari. Baƙin tsirrai. Gini da bushewar ruwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya zama baƙo a kunnenmu.

(GAJEREN KIƊA)

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Yaya ake ceto su?

Hanya biyu ce, kuma ɗaya ba ta wadatarwa sai da ɗayar.

Hanya ta farko, a kare itace a inda Allah ya tsirar da shi. A killace wurin, a tsara kiwo, a cire baƙin tsirrai. A tsibirin Santa Kurus na Kalifoniya akwai wani guzberi da babu shi ko'ina sai can. Tumaki da aladun da masu kiwo suka bari sun zama na daji, sun cinye tsibirin. Aka kwashe tumakin. A 2005 da 2006 aka kawar da aladu sama da 5,000. Tsirran tsibirin suka farfaɗo. Amfanin wannan hanya shi ne, itacen yana ci gaba da gwagwarmaya da cuta da yanayi, yana ƙara juriya, tare da ƙudan zuman da ke yi masa barbara da tsuntsayen da ke yaɗa 'ya'yansa.

Hanya ta biyu, a ajiye wani kaso a wani wuri, saboda tsaro. Ana busar da ƙwaya, a rufe ta a ɗaki mai tsananin sanyi. Shi ake kira bankin iri. Masana a Jami'ar Kaliyari ta Sardiniya sun adana ƙwayar karant ɗin dutsen Korrasi, sun kuma yi nazarin irin zafi da sanyin da take so kafin ta tsiro.

Sai dai irin lambu ba ya ajiyuwa ta ƙwaya. In ka shuka ƙwayarsa, abin da zai fito ba zai zama daidai da uwar ba. Dole a riƙe itacen da ransa, ana dasa reshensa. A garin Korbalis na jihar Oregon, gwamnatin Amurka tana da irin wannan lambun ajiya tun 1981. A Rasha akwai tashar Pavlovsk, kusa da birnin San Fitasbag, wadda aka kafa a 1926. Tana riƙe da iri sama da 5,000 na 'ya'yan itatuwa da sauran tsirrai, ciki har da ɗaruruwan nau'in karant. A 2010 kotu ta yarda a miƙa filin a gina gidaje. Masana daga ƙasashe da dama suka yi ca. Shugaban Rasha na lokacin, Medvedev, ya sa a sake duba lamarin, filin ya tsira. Kun ga ke nan, ko abin da aka adana, sai an tsaya masa.

To, mu fa? Karant ba zai fito a nan ba. Amma muna da namu rumbun. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000, har da danginsa na daji. Da wuta-wuta ta addabi gonakin wake, wani tsohon iri na manoman Botsuwana yana cikin waɗanda aka samo juriya daga gare su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sannan ga 'ya'yan itatuwanmu na daji. Kanya, ɗinya, tsada, taura, gwandar daji, kaɗanya. Yawancinsu ba mai dasa su. Ita kaɗanya ma tuni IUCN ta sa ta cikin masu fuskantar barazana. Malam, ka tambayi kanka: a gonarka, ƙananan kanya nawa ne ke tasowa a bayan tsohuwar? Baba, yaushe rabonka da ka ga tsada a bayan gari?

Ga abu huɗu da kowa zai iya. Na ɗaya, in kana sassabe, ka bar tohon itace mai amfani, ka gyara masa rassa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka, gonakinsu sun sake yin inuwa. Na biyu, ka kewaye ɗan dashe da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya. Na uku, a tambayi tsofaffi. Su suka san wace bishiya ce ta fi zaƙi, wacce ce ba ta fashin 'ya'ya ko a shekarar fari. Daga ita za a ɗauki ƙwaya. Na huɗu, matafiyi, kada ka ɓoyo dashe ko iri daga wata ƙasa ba tare da jami'an duba tsirrai sun gani ba. Kun ji abin da dashe mai araha ya jawo wa Amurka.

Kafin mu rufe, mu maimaita. Karant da guzberi itatuwan ƙasashen sanyi ne, wasu danginsu na daji suna bakin ƙarewa. Juriyar cuta da fari tana wurin dangin daji, kuma irin da ya ƙare ba ya dawowa. Ana kare su a dajinsu, ana kuma adana su a bankin iri da lambun ajiya. Mu ma muna da namu da ke jiran irin wannan kulawa.

A nan za mu dakata. Ku tattauna wannan batu a majalisa, da wurin taron ƙungiyar manoma, da makaranta. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)